Adaidaitar da Na Ce An Sace

Koki, cikin birnin Kano.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sa ka buɗe wannan takarda cikin ƙoshin lafiya, ya sa ka sauka Azare ba tare da ko ƙwarzane ba, ya haɗa ka da mutanen kirki a duk inda ka sa ƙafa. Ka gaishe min da Kawunka Sule da mutanen gidansa, ka yi masa godiya a madadina da ya buɗe maka ƙofar gidan burodinsa.

Na cusa takardar nan a can ƙasan jakarka ne da gangan, don kada ka gan ta sai ka yi nisa da ni. Abin da ke cikinta ba zan iya faɗa maka ido da ido ba.

Sati uku da suka wuce ka same ni a zaure bayan la'asar, ka durƙusa ka ce, "Baba, ɗan abin da na tara a bautar ƙasa ya kusa isa in sayi mai ƙafa uku ta hannu, in riƙa kai wa ƙauyuka burodin Kawu. Tunda kai ka taɓa saye, wace iri kake ganin zan nema?" Na ce maka Allah ya zaɓa mafi alheri, na ɗauki buta na shige ciki, alhali da alwalata. Na san ka ji ba daɗi. Ba raina tambayarka na yi ba. Kunya ce ta kore ni.

Kun tashi, kai da ƙannenka, kuna jin cewa Baba ya taɓa mallakar adaidaita, ɓarayi suka sace ta a ƙofar masallaci yana sallar azahar. Abba, ba a sace ta ba. Ni na shirya wannan magana, kuma shekara goma sha huɗu ke nan ina ɗauke da ita. Yau zan gaya maka yadda aka yi, domin shawarar da ka nema tana cikin labarin, kuma ba ni da wata sai ita.

A lokacin, kamar yanzu, ina rumfata ta Kasuwar Kurmi ina sayar da kayan yaji: citta, kanumfari, masoro, kimba, barkono. A Dawanau nake sari. Motar haya ta sauke min buhuna a bakin titi, daga nan Tanko ya kwashe su a ka ko a baro zuwa rumfa. Za ka iya tuna Tanko, ɗan dakon nan dogo mai wushirya, mutumin wani ƙauye a bayan Sumaila. Ya girme ni da kusan shekara goma, kuma tun mahaifina yana raye yake mana dako.

Da kakanka na Gwammaja ya rasu aka sayar da gidansa aka raba gado, Ummanku ta kawo min rabonta gaba ɗaya a ƙunshe cikin ɗankwali. Ta ce, "Malam, ga shi. Ka sayi abin da zai riƙa kawo maka kaya daga Dawanau, ka huta da jiran mota." Ba ta cire ko na turmin atamfa ba.

Abin da aikina yake bukata a bayyane yake: kurkura, wato mai ƙafa ukun nan ta kaya, mai buɗaɗɗen baya. Na je na duba su har sau biyu. Amma duk sanda na hango kaina a kanta sai zuciyata ta ce, ɗan gidan malamai na Koki, a gan ka kan abin da ake kwasar siminti da shara? Sai idona ya koma kan adaidaita ta fasinja, mai rumfa da kujera mai laushi. Na riƙa ganin kaina ranar Juma'a da babbar riga, ku kuna baya, mutanen unguwa suna ɗaga min hannu. Da na gaya wa Ummanku, tambaya ɗaya ta yi: "To Malam, buhu nawa za ta ɗauka?" Na ce mata, "Ke dai ki bar wa maza harkar inji." Da kuɗin gidan ubanta a aljihuna na faɗa mata haka.

Don haka abu na farko, ka bar aikin ya zaɓa maka, ba idon mutane ba. Burodi ba shi da nauyi amma yana da cin wuri, kuma ba ya son ruwan sama ko rana. Kurkura kake bukata, wadda za a ƙera wa rufi a baya. Idan abokanka na jami'a suka gan ka a kanta suka yi dariya, ka gaishe su ka wuce. Dariyarsu ba za ta kai washegari ba. Ni tawa kunyar har yau ba ta sake ni ba.

Kuskurena na biyu ya fi wannan muni, domin an ba ni taimako na ƙi karɓa. Ka san Malam Isa bakanike na Gwammaja. Allo ɗaya muka yi da shi. Da ya ji zan saya sai ya tako har rumfa ya ce, "Usman, ranar da za ka je ka biyo ta gareji mu tafi tare. Ba sai ka ba ni komai ba." Na ce to. Da ranar ta zo na zagaye ta wata hanya. Ba na son a ce wani ne ya zaɓa min, kuma na san Isa ba ya ɓoye abin da ya gani.

Wani dillali ne ya kai ni, mai farar shadda da ƙamshin turare. Da rana tsaka muka je, muka tarar an riga an tayar da injin ya yi zafi, yana ƙara lafiya lau. Fentinta ruwan ɗorawa sabo fil, an liƙa mata furanni a gilashi, har da rediyo. Kuɗinta kuma ƙasa da na duk waɗanda na taya. Maimakon in tambayi kaina me ya sa abu mai kyau haka ya yi araha, sai na ce Allah ne ya kawo min rabo. Dillalin ya duba agogo ya ce, "Alhaji, akwai wanda zai zo bayan la'asar da kuɗi a hannu. Ni dai kai na fi so ka samu." Ban je Makka ba a lokacin, amma wannan "Alhaji" ya yi min daɗi. Na biya.

Washegari na kai wa Isa, ba don ya duba ba, don dai ya gani. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta. Ya daɗe. Da ya fito ya ce, "Usman, wannan ta taɓa karyewa gida biyu. Ƙarfen da yake riƙe da tayoyin baya walda ce aka yi masa, aka bi da fenti. Ka mayar musu yau, ko da za su rage maka wani abu."

Na ce, "Isa, ban san kana da hassada ba."

Ya kalle ni, ya goge hannunsa da tsumma, ya koma kan aikin da yake yi. Ni kuwa a raina na san gaskiya ya faɗa. Amma mayarwa tana nufin in koma gida in ce wa Ummanku an cuce ni, sai na zaɓi in ci gaba da hawa.

Kai kada ka je wurin saye kai kaɗai. Ka nemi bakaniken da Kawunka ya yarda da shi, wanda ba ya da alaƙa da mai sayarwa, ka biya shi ladan yininsa. Ku je da sassafe, kafin kowa ya taɓa injin, domin injin da ya kwana shi yake nuna halinsa: ko yana tashi bugu ɗaya, ko sai an tura, da irin hayaƙin da yake fitarwa. Ku leƙa ƙasa ku nemi walda. Sabon fenti a kan tsohuwar mota abin tambaya ne, ba abin murna ba. Ku duba lambar inji ta yi daidai da ta takarda. Ka ɗora mata kaya ka hau ganga da ita, ka taka birki ka ji. Sannan ka zaga kasuwar Azare ka tambaya irin wadda kayan gyaranta suke nan birjik, domin mai arahar da za a jira kayanta daga Kano sati biyu ta fi kowace tsada. Kada kuma ka zuba duk abin da ke hannunka a saye. Ka bar na taya, da baƙin mai, da takardu. Idan aka ce maka wani yana zuwa da kuɗi bayan la'asar, ka ce Allah ya sanya masa albarka, ka tafi. Akwai wata gobe.

Na uku abin dariya ne, kuma an yi dariyar. Ranar da na kawo ta gida, mutane sun fito kallo, na karyo kan lungunmu da ƙarfin gwiwa. Ka san lungun, wanda idan mai baro ya shigo sai mai tafiya ya manne da bango. Ta shiga rabi ta cije. Madubin dama ya kankare katangar maƙwabcinmu, na hagu ya karye. Sai da maza huɗu suka ja ta baya. A gidan aka haife ni, amma ban taɓa tunanin in auna faɗin hanyar da zan bi kullum ba. Daga ranar a bakin titi take zama, kusa da masallaci. Kai ka fara bin hanyoyin ƙauyukan nan a motar haya ko a babur, ka ga yashinsu da ramukansu, ka san inda za ta riƙa kwana, kafin ka zaɓi girmanta.

Yanzu na zo inda alƙalamin yake min nauyi.

Kwana uku na yi ina koyon tuƙi a wani fili, na ce na iya. Na cire kujerar baya don buhuna su samu wuri. Da farko na ce wa Tanko na sallame shi, tunda yanzu ina da abin hawa. Ya ce, "Allah ya sa alheri, Malam," ya tafi. Sati bai cika ba na gane buhu ba ya hawa mota da kansa, na aika aka kira shi. Ya dawo ya ci gaba da dakonsa.

Ranar da abin ya faru mun yi sari mai yawa a Dawanau, citta da busasshen barkono da ɗan garinsa. Tanko yana lodi, ya tsaya ya dubi tayoyin ya ce, "Malam, kayan nan sun yi mata yawa. A yi sawu biyu mana."

Na ce, "Kai za ka sayi man sawu na biyun? Ɗora kawai."

Ya ɗora. Har saman rumfarta muka ɗaure buhu biyu. Wuri ya ƙare, sai ya raɓa a gefe, ƙafarsa ɗaya a waje. Muka kamo hanyar gari da hantsi. A wata kwana kusa da kwalbati babbar mota ta danna min ƙaho ta baya. Na firgita, na murɗe kan da ƙarfi ba tare da na rage gudu ba. Na ji wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashinmu, daidai inda Isa ya nuna min. Sai ta kife ta ɓangaren Tanko.

Ni na faɗa kan buhu, gwiwar hannuna ce kawai ta fashe. Buhun garin barkono ya yage, wurin ya turnuƙe, mutanen da suka rugo taimako suna ta tari da atishawa. Da aka ɗaga ta na ga ƙafar Tanko daga gwiwa zuwa ƙasa ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Idonsa yana ruwa, ya dube ni ya ce, "Malam, ba ka dai ji ciwo ba ko?"

Mutane suka ce a kai shi asibiti. Na ce a'a, na san wani mai ɗori nan kusa. Gaskiyar ita ce na ji tsoron asibiti: za a yi tambayoyi, a rubuta suna, wataƙila in haɗu da wanda ya san ni. Ƙafar mutum tana lilo, ni ina tunanin sunana. Mai ɗorin ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma shi da kansa ya ce karayar ta fi ƙarfin kara da tsumma. Ban saurare shi ba. A ranar na kira 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, suka kwashe adaidaitar, na bar wa wani mai shago buhunan da suka tsira ya sayar. Bayan kwana biyu na sa Tanko a motar garinsu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, na sunkuya ta taga na ce, "Tanko, don Allah maganar nan ta tsaya tsakaninmu." Ya ce, "Ba komai, Malam."

A gida kuwa na ce na tsaya sallar azahar a wani masallaci a hanya, na fito babu ita babu kayan. Unguwa ta cika gidanmu da jaje. Liman ya ɗaga hannu bayan sallar magariba ya roƙi Allah ya tona asirin wanda ya yi wannan aiki, ni ina sahun gaba na ce amin. Kai kanka, kana ɗan shekara goma, ka yi wajen wata guda kana leƙa lambar duk adaidaitar da ta wuce ka a hanyar makaranta. Isa kaɗai ne bai zo jaje ba.

Abba, mai ƙafa uku ba mota ba ce, ba babur ba ce. Ba ta son kwana da gudu, ba ta son kaya a sama. Ka koya a hannun wanda ya daɗe yana tuƙa ta, ka yi sati biyu ko uku kana yawo da ita babu kaya. Idan wanda ya fi ka sanin nauyi ya ce kaya sun yi yawa, ka sauke, ko da bai taɓa shiga aji ba. In kuma Allah ya ƙaddara wani ya ji ciwo ta dalilinka, ka ɗauke shi zuwa asibiti da hannunka, ka faɗi sunanka da ƙarfi, ka zauna a gefen gadonsa. Hatsari ƙaddara ce, ana yafe shi. Abin da na yi bayan hatsarin, wannan ni na zaɓa.

Ranar da ka yi min tambayar nan na kasa cin abinci. Washegari da safe, bayan kun fita, na sami Ummanku tana tsince shinkafa a tsakar gida, na zauna a kan turmi na gaya mata komai. Ba ta ɗago ba har na gama. Sannan ta ce, "Malam, ai ni na wanke rigar. Jini a hannunta, aljihunta cike da garin barkono. Wane ɓarawo ne zai sace mota ya tsaya zuba wa mutum barkono a aljihu?"

Na ce, "Shekara goma sha huɗu kin sani, ba ki ce komai ba?"

Ta ce, "Jira nake ka faɗa da bakinka. Kuɗin ban taɓa sa su a raina ba, na ba ka ne. Abin da ya dame ni shi ne daga ranar ban sake jin sallamar Tanko a ƙofar gidan nan ba, kuma na ji tsoron tambaya ko yana raye."

Ni ma ban sani ba. Ka ji irin mahaifin da kake da shi.

Ita ta ce in tashi in tafi. Na biya ta garejin Isa na ba shi haƙuri. Ya yi dariya ya ce tun tuni ya ga gawar adaidaitar a wurin 'yan gwangwan, ya gane waldar. Ranar Asabar na hau motar Sumaila, daga can na hau babur, ina tambaya har aka nuna min gidan.

Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma yana tufka igiyar rama. Ya tsufa ƙwarai. Ƙafar ta warke a karkace, ta fi ɗayar gajarta, sanda tana jingine a gefensa. Tun daga lokacin bai sake dako ba, noma ma sai 'ya'yansa. Igiya yake tufkawa ana kai masa kasuwa. Tun kafin in yi sallama ya ce, "A'a! Malam Usman ne da kansa?" Ya sa aka kawo ruwa da fura, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da kai.

Na durƙusa a gabansa na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce na cuce shi, na hana shi asibiti don in rufa wa kaina asiri, na yar da shi. Ya bar ni na gama. Ya ce, "Malam, ƙafa kam Allah ya rubuta, na yafe tun ina kwance. Maganarka kuma ban taɓa gaya wa kowa ba, ko matata. Na ce musu baro ne ya faɗo min. Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Wata huɗu na yi a kan tabarmar nan, duk sanda na ji ƙarar babur ya shigo gari sai in ce wa yara su share ƙofar gida, Malam ne ya zo duba ni."

Na yi kuka a gaban jikokinsa, shi yake ba ni haƙuri.

Mun yi da shi bayan girbi zan je in taho da shi Kano likitan ƙashi ya duba, ko da saura abin da za a iya yi. Wataƙila a ce lokaci ya wuce. Ko me aka ce, hidimarsa ta dawo wuyana har ƙarshen rayuwar ɗayanmu, kuma idan ni na riga shi tafiya, na bar maka wannan.

Da zan taho na gaya masa za ka sayi kurkura ka fara kai burodi. Ya ji daɗi sosai. Ya jawo igiya mafi kauri cikin waɗanda ya gama, ya naɗe ta ya miƙo min. Na sa hannu a aljihu ya ɓata fuska. Ya ce, "Ba sayarwa na yi ba. Ka kai wa Abba ya riƙa ɗaure kayansa." Ita ce ka gani a naɗe kusa da takardar nan. Ka yi amfani da ita, kada ka ajiye ta don tarihi. Ya ce ramar bana ce, za ta yi shekara biyu.

Ban rubuto don ka tausaya min ba, kuma idan girmana ya ragu a idonka ba zan ce ka yi laifi ba. Ƙannenka zan gaya musu da bakina, kada ka riga ni.

Allah ya tsare ka a hanya, ya tsare waɗanda za ka ɗauka da waɗanda za ka wuce. Ya haɗa ka da abin hawa mai lafiya, ya sa albarka a cikin guminka, ya raba ka da girman kai irin wanda ya kayar da ni. Ya ba ka ƙarfin faɗar gaskiya ranar da take da ɗaci. Ummanku tana gaishe ka, ta ce ka riƙa karyawa kafin ka fita. Idan ka idar da salla ka sa Tanko a addu'a, sannan ni.

Wassalam.

Mahaifinka,
Usman